Kwabban Kawu: sabo fil ba shi ne mai tsada ba

A Amurka akwai gwanjon ɗakunan ajiya da masu haya suka daina biya. Za a ɗaga ƙofa ka leƙa daga waje, ka taya, in an sallama maka duk abin da ke ciki ya zama naka. Ta nan kawuna, wanda ya daɗe yana harkar kayan gwanjo a Columbus ta jihar Ohio, ya samo wasu gwangwanaye masu nauyin tsiya. Kwabban Amurka ne a ciki, wato senti ɗai-ɗai masu kan tsohon shugaban ƙasar Abraham Lincoln, an naɗe su hamsin-hamsin a takarda, kowane naɗi da shekararsa a jiki, daga 1959 zuwa farkon shekarun 1980. Ko ɗaya bai taɓa shiga hannun mai ciniki ba.

"Ɗana, kai ne ɗan boko," in ji shi. "Duba mana, ƙila akwai rabo a ciki."

Masu tara tsabar kuɗi a Amurka suna da ma'aunin ingancin kwabo daga 1 zuwa 70, wanda William Sheldon ya fito da shi a 1949. Duk kwabon da bai zaga kasuwa ba yana tsakanin 60 da 70, kuma a cikin wannan 'yar tazarar rigimar take. Ga ido, 63 da 67 duk sababbi ne masu ƙyalli. A kasuwa kuwa, na farkon da ƙyar ya saya maka alewa, na biyun a wasu shekarun ɗaruruwan daloli ne. Sai kuma launi: wanda ya riƙe jan tagullarsa kusan duka ana yi masa alamar RD, wanda ya fara dishewa RB, wanda ya rine ya koma ruwan ƙasa BN. Ja ake nema.

Na shimfiɗa tawul a tebur, na kunna fitila guda, na ɗauko gilashi mai ƙara girma. Ta gefe ake riƙe kwabo, domin zanen yatsa a kan tagulla ba ya fita. Sai ka karkata shi a hankali ƙarƙashin haske. Na farkon da na ɗauka, na 1964, daga nesa kamar yau aka buga shi. Da na matso da gilashi sai ga ƙarzuna biyu a kuncin Lincoln, ga wani baƙin ɗigo kusa da shekarar, a baya kuma matakalar ginin tunawa da shi ta dusashe don bugun bai kama sosai ba. Ba wanda ya yi masa komai. Tun a ma'aikata ake zuba su cikin buhuna suna gogar juna, saboda haka da tabonsu suke fitowa. Kunci, haɓa, da filin da ke gaban fuska, nan ne ido zai fara sauka, nan ne kuma maki ke zubewa.

Abin da ya fi sanyaya wa Kawu jiki shi ne yawan abin. A 1964 kaɗai, ma'aikatun Philadelphia da Denver sun buga kwabo sama da biliyan 6. A shekarun nan ne kuma Amurkawa suka kamu da zazzaɓin ɓoye naɗin sababbin kwabbai, kowa na jiran ranar da za su yi tsada. Da yake kowa ya ɓoye, ranar ba ta zo ba. Ko da aka buga kwabo na ƙarshe na kashewa a Philadelphia ranar 12 ga Nuwamba 2025, Kawu ya bugo mini waya da murna. Na ce, "Kawu, daina bugawa ba ya rage waɗanda ke jibge a gidajen mutane."

Kamfanonin da kasuwa ta yarda da makinsu su ne PCGS, da aka kafa a 1986, da NGC na 1987. Za su duba, su rufe kwabon cikin roba da lambarsa. Amma in ka haɗa kuɗin dubawa da na aikawa da inshora, kowane kwabo ɗaya zai ci maka fiye da dala 20. Idan ya dawo da 64 ko 65, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Don haka tacewa a gida ita ce ainihin aikin, kuma ta fi buƙatar taurin zuciya fiye da kaifin ido, domin mai kaya kullum yana ƙara wa kayansa maki.

Ban buɗe duka ba. Naɗin da banki ya yi, wanda bakinsa ke a murɗe tun asali, yana da masu sayensa a haka, saboda suna sayen fatan abin da ke ciki. Kana yage takardar ka zubar da wannan ribar. Na bar su, na buɗe waɗanda aka naɗe da hannu kawai, da na shekarun da aka san suna da abin nema: 1960 mai ƙananan lambobin shekara, da 1972 mai rubutu biyu-biyu. Na sami wasu na 1972 da haruffansu ke da inuwa, amma inuwar a shafe take, irin wadda girgizar inji ke jawowa, ba ta hatimin bugu ba. Wannan ba ta da farashi.

Na 1982 sai da sikeli. A shekarar aka sauya daga tagulla kashi 95 cikin ɗari zuwa tutiya mai fatar tagulla. Tsohon giram 3.11 ne, sabon 2.5. Tagullar da ke cikin tsohon ta fi kwabo ɗaya daraja, har ta ninka, sai dai tun 2006 doka ta hana narka su, ga tara har dala 10,000 ko ɗaurin da zai kai shekara 5. Kawu ya so ya wanke masu baƙi da lemun tsami. Na roƙe shi ya bari, don masu saye suna gane wankakke nan take, kuma wanki yana kashe farashi fiye da dattin.

Ga yadda muka raba su. 'Yan ƙalilan da ban ga aibu a jikinsu ba na kai wa wani dillalin tsabar kuɗi ya sake dubawa. Ya ture yawancinsu gefe cikin minti kaɗan, ya bar waɗanda ba su cika tafin hannu ba, su kaɗai muka aika a ba su maki. Naɗin banki muka sa a kasuwar intanet ta eBay, na kowace shekara daban. Na tutiya, da wasunsu har sun fara ƙuraje, muka kai banki aka canza mana. Sauran na tagulla Kawu ya ce ba zai bayar a kwabo-kwabo ba. Na juye masa su cikin bututun roba mai tauri, ba mai laushin nan da ke sa tagulla ta yi kore ba, na ce ya ɗauke su daga ɗakin ƙasa inda danshi yake, ya hau da su sama.