Asabar, da buɗaɗɗiyar motar nan

Ban yi niyyar rubuta komai yau ba, amma maganar Kawu ta ƙi barina in kwanta.

Da safe kasuwa, sai kai yara islamiyya. Wuta kuwa ko ƙyallinta.

Bayan la'asar na kai wa Kawu maganin ƙafarsa, na tarar da shi a zaure shi da autansa sun duƙufa kan waya. Bidiyon wata tsohuwar motar Amurka ce yaron ya samo, Lincoln Continental, irin wadda kamfanin Ford ya fito da ita a 1961. Doguwa, shimfiɗaɗɗiya, ƙofa huɗu, kuma rufinta na yadi ne. Mai ita ya danna wani maɓalli, sai murfin but ya ɗaga ta baya, rufin ya naɗe kansa a hankali ya shige ciki, murfin ya koma ya rufe ruf. Ko alamar an taɓa yi mata rufi babu. Ƙofofin baya kuma ta baya aka maƙala su, suna buɗewa suna fuskantar na gaba, in an ware duka huɗun sai ka ga cikin motar fayau. Injinta silinda takwas, lita bakwai. Auta ya ce a tsadar man nan sai dai a ajiye ta a riƙa kallo. Muka yi ta dariya, ni har da cewa da ina da hali da na ɗauki amarya a cikinta.

Kawu bai yi dariya ba. Kun san shi da mota, shekarunsa nawa yana riƙe da sitiyari. Ya karɓi wayar ya matso da ita kusa da ido, ya ce, "Ai a irin wannan aka harbe Kennedy."

Haka ne kuwa, John F. Kennedy, shugaban Amurka na lokacin. Birnin Dallas, 22 ga Nuwamba 1963. Tasa an ƙara mata tsawo, shuɗiya ce mai duhu, tana da wani rufin roba mai kama da gilashi da ake ɗorawa a cire. Ranar gari ya washe, ba a ɗora ba, kuma dama ba ya tare harsashi. Bayan kisan ba a jefar da motar ba. An yi mata sulke da rufi na dindindin, aka shafe ta baƙa, shugabannin da suka biyo baya suka ci gaba da shiga har 1977. Nixon ma sai da aka huda masa rufin don ya miƙe ya ɗaga wa jama'a hannu. Yanzu tana gidan tarihi na Henry Ford a Dearborn, jihar Michigan.

Na ce, "To Kawu, ai ka ga illar rashin rufi."

Ya ce, "Kai dai yaro ne. Wanda ya shiga wannan mota so yake a gan shi, shi ma ya ga mutane. Yau wane babba kake gani? Jiniya kawai kake ji, gilashi baƙi ƙirin, a kore ka gefen titi, ba ka san ma wa ya wuce ba."

Wannan ce ta tsaya mini a rai. Ni kyan ƙirar nake kallo, Kawu kuwa mutumin da ke zaune a baya, kansa a waje, rana na dukansa tare da masu kallonsa. Ko a hawan sallah abin da ke tara mu ke nan, mu ga sarki ido da ido. Ban ga laifin mai tsoron harsashi ba, wallahi, bayan abin da ya faru a Dallas. Amma raina ya ɓaci, kuma har na iso gida bai sake ba. Ford ta daina yin ta buɗaɗɗiya bayan 1967, sai masu rufi suka ci gaba.

Tuwon dare ya huce kafin in zauna. Gobe akwai suna a gidan Yaya, kuma ban karɓo ɗinkina ba.