Kwana huɗu a kan harafi ɗaya

'Yan'uwa masu koyo, yau dai Allah ya sa na gano bakin zaren manhajar da nake haɗa wa shagon yayana a Kantin Kwari.

Tun farko a INT (gurbin adadi) na zuba lambar wayar kwastoma, MySQL, wato manhajar adana bayanan, ta ƙi karɓa, domin iyakar INT 2,147,483,647 ce, lambobinmu kuwa ko an cire sifilin gaba sun zarce haka. Na mayar da gurbin VARCHAR(11), wato na rubutu, na sa masa indes (jerin da ke hanzarta bincike), na ce shi ke nan.

Ashe da sauran rina a kaba. Da bayanan cinikin shadda da atamfa suka taru, sai yaron shago ya buga lamba a yi ta jira, kwastoma na tsaye riƙe da leda. Yaya ya dube ni ya ce, "Ƙane, littafin bashina ya fi wannan abin naka sauri." Maganar ta yi min ciwo. Cikin fushi na biya kuɗin sabar (kwamfutar da manhajar ke aiki a kai) da ta fi girma, naira dubu 15 da ban shirya kashewa ba, amma ko gezau.

Jiya da daddare na gwada EXPLAIN, umarnin da ke nuna yadda MySQL ke binciken, sai ga type: ALL. Wato layi-layi take bin teburin gaba ɗaya, indes ɗin yana nan kamar hoto. Laifina ne. A PHP (harshen da na rubuta manhajar da shi), cikin bind_param mai miƙa wa MySQL lambar, "i" na rubuta, ina tura lambar a matsayin adadi alhali gurbin na rubutu ne. In aka kwatanta rubutu da adadi, MySQL sai ta mayar da abin da ke kowane layi adadi kafin ta gwada, indes kuwa ba shi da amfani a nan. Abin da ya rufe min ido shi ne amsar daidai take fitowa, tunda sifilin gaba faɗuwa yake yi ta kowane ɓangare. Ba kuskure, ba gargaɗi, sai jinkiri.

Na canza "i" zuwa "s", wato rubutu. Type ya koma ref, wato indes ya fara aiki, kafin in ɗauke yatsa sunan ya fito. Har ihu na yi, Hajiya ta leƙo tana tambayar ko lafiya.

Saura farashi, wanda har yanzu FLOAT ne (gurbin da ke ƙiyasta adadi mai ɗigo), shi ya sa jimillar wata take saɓawa da 'yan kwabbai. Zan mayar da shi kwabo-kwabo a BIGINT, babban yayan INT. Sannan ƙ da ɗ na sunayen mutane alamar tambaya suke fitowa, tsarin haruffan teburin latin1 ne, wanda bai san su ba, sai na koma utf8mb4 da ya san su. Wannan sai an kawo wuta.