Bambar da ta ƙi riƙe fenti

A bara na sayi sabuwar bambar gaba da siket biyu na gefe, wato dogayen kayan da ake ɗaurawa a ƙasan ƙofofin mota, domin Corolla ɗina, irin kayan ƙawa da ƙananan kamfanoni ke ƙerawa, kuma saboda ɗoki na kai su wurin mai fenti ranar da suka iso. Ba a yi wata biyu ba fentin ya fara ɓarewa kamar ɓawon albasa. Wani dattijo mai gyaran bodi a garejin unguwarmu ya shafa wurin da yatsa, ya nuna mini cewa laifin yana ƙarƙashin fentin.

Ana zubin irin waɗannan kaya a cikin mazubi wanda ake shafa wa wani maiƙo domin kada su manne, kuma maiƙon yakan biyo su har hannun mai saye ko da ido bai gan shi ba. Dole ne a wanke su da ruwan ɗumi da sabulu, a bi da sinadarin cire maiƙo, kafin samfefa ta taɓa su, domin wanda ya fara da guga yana cusa maiƙon ne cikin roba. Wannan matakin aka tsallake a aikina na farko.

A karo na biyu dattijon ya ƙi taɓa bindigar fenti sai da ya ɗaura bambar a jikin mota, ya ga inda ta ƙi daidaita da fitila, ya yanke abin da ya yi yawa, ya huda ramukan ƙusoshi. Na ga hikimar haka, tunda gyara bayan fenti ɓarna ce. Bambar ta robar poliyuritan ce mai lanƙwasa, saboda haka ya fesa mata sinadarin da ke sa fenti ya kama roba, ya kuma haɗa fentin da wani da ke hana shi tsagewa idan ta lanƙwashe. Siket ɗin kuwa na faiba ne, wato zaren gilashi da aka haɗa da danƙo, mai tauri da ƙananan ramuka kamar hudar allura, sai ya shanya su a rana kwanaki domin iskar da ta maƙale ta fito, ya cike ramukan da fila, wato ƙullun da masu gyaran bodi ke cike rami da shi, ya goge da samfefa mai lamba 180, ya bi da mai lamba 320 da ta fi laushi. Bayan shafin farko, wato fentin ƙasa da ake yi kafin launi, ya bushe, ya sake gogewa da samfefa mai lamba 600 da ruwa.

Launi bai ba mu wahala ba, domin Toyota na rubuta lambarsa a takardar da ke jikin ƙofar direba, tawa 040 ce, wato fari. Duk da haka ya gwada a kan guntun ƙarfe ya kara da ƙofa, saboda rana ta riga ta ci fentin motar. Feshin kansa sai da muka jira hazon hunturu ya lafa, aka yayyafa wa ƙasan rumfar ruwa domin kwantar da ƙura, aka yi shi da sassafe.