Kafin ka tafi karatu Masar, ka san inda za ka bar layin wayarka

Duk wanda ya zo mini a Gombe yana neman shawarar tafiya Alƙahira, tambayarsa ɗaya ce: me zai zuba a jaka? Wannan mai sauƙi ne. Kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa da yaji, a ɗaure su a leda biyu-biyu saboda warin daddawa yana kama tufafi. Rigar sanyi mai kauri, domin daga Disamba zuwa Fabrairu sanyin can ya fi hunturunmu shiga ƙashi, gidajen haya kuma ba abin ɗumama ɗaki. Soket ɗinsu mai ƙafa biyu ne zagayayyu, cajarmu mai ƙafa uku ba ta shiga sai da adafta. Katin rigakafin shawara, wato yalo kad, yana cikin fasfo, ba cikin akwati ba.

Abin da ba wanda ya faɗa mini shi ne layin waya. Na bar nawa a durowa a gidanmu da ke Pantami, tunda zan sayi na can. Kamfanonin waya suna rufe layin da ya yi watanni ba a sa masa kati ba, ba a kira da shi ba, daga baya su sayar wa wani lambar. To wannan lambar ce a jikin BVN da NIN ɗina, ita ce banki ke turo wa lambar sirri duk lokacin da zan tura kuɗi ko na shiga manhajarsu a sabuwar waya.

Ranar da wayata ta lalace na sayi wata, manhajar ta nemi lambar da aka tura. Shiru. Ga kuɗi a asusu, ga lokacin sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, ya matso, ga mai gida yana ƙwanƙwasa ƙofa. Na rubuta wa bankin, suka ce sauya lamba sai na zo reshe da kaina. Daga unguwar Hayyul Ashir ta Alƙahira zuwa Gombe! Yayana ya je da hoton fasfo ɗina, suka ce: “Alhaji, ka yi haƙuri, sai mai asusun.” Da bashin abokan ɗaki na biya iƙamar, sauran kuɗin suka zauna har na zo hutu. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, don katin naira ɗari biyu a wata ya isa ya hana duk wannan.

Ga yadda nake yi yanzu. Layin yana tafiya da ni, a waya mai sim biyu. Kafin ka bar gida ka shiga ofishin kamfanin ka tabbatar an buɗe masa romin, wato damar yin aiki a ƙasar waje, kuma sunan da ke kan layin ya yi daidai da na NIN. Idan ka sauka, kashe data a kan layin gida, in ba haka ba kuɗin da ke ciki ba zai kwana ba. Saƙon banki kawai kake so ya shigo. Duk wata ka sa masa ɗan kati ka tura saƙo ɗaya. A banki ka karɓi tokin, ƴar na'urar nan mai fitar da lamba, ka kuma sa a riƙa turo maka alat ta imel. WhatsApp ma ka sa masa lambar tsaro ta biyu, domin wanda ya gaji lambarka zai iya buɗe shi.

Idan dole ne ka bar layin, kada ka bar shi a durowa. Ka ba wanda zai sa shi a wayarsa yana kira da shi, wanda kuma ka yarda ya ga alat ɗinka.