Tarihin Rayuwata, Kashi na Bakwai: Shekarar da Baba Ya Canza Sassabe

Assalamu alaikum, masu bin wannan labari nawa. A makon jiya na tsaya ne daidai dawowar Baba daga cin rani, bayan yunwar 1984 wadda mu mutanen ƙasar Maraɗi muke kira El-Buhari, shekarar da fari ya haɗu da rufe iyakar Najeriya. Ya dawo ya tarar rumbu babu ko zangarniya, awakin Inna sun ƙare, ƙanena kuma Allah ya yi masa rasuwa. Yau daga gona zan ɗora.

Wanda bai ga ƙasarmu a wancan zamani ba, da wuya ya yarda da abin da zan faɗa. In ka tsaya a bakin garinmu, tsakanin Gazawa da Tasawa, kana hango rumbunan garin da ke gaba, babu abin da zai tare maka ido sai gawo ɗaya nan, ɗaya can. Da bazara ta kama, kowane magidanci zai ɗauki gatari ya shiga sassabe. Duk sabarar da ta toho, duk kalgo, duk geza, a sare su ƙasa-ƙasa, a tara, a cinna wuta. Manomin kirki shi ne wanda gonarsa ta fita fes. To, ruwan farko na sauka a yi shuka, sai iskar gabas ta taso da rairayi, ta bi hatsin da ya fara leƙowa, ta yanke shi ko ta binne. A sake shuka, iska ta sake zuwa. Wata shekarar iri yakan ƙare kafin damina ta zauna.

Mu kuwa mata, itacen girki ya zame mana masifa. Tun asuba nake bin Inna, ba mu dawowa sai rana ta take, wani lokaci da abin da bai isa tuwon dare ba. Sai a koma kan kara da kashin shanu. Abin da ya kamata ya ruɓe a gona ya zama taki, shi muke turawa murhu.

Akwai kuma dalilin da ba a cika faɗa ba. Tun zamanin Faransa doka ta ce itace na hukuma ne, ko da a tsakiyar gonar gadonka ya tsiro. Gawo da wasu itatuwa an hana taɓa su sam. In ka sare reshe aka gan ka, tara ce. Saboda haka mai wayo ba ya barin ɗan gawo ya girma a gonarsa, tun yana ƙarami zai tumɓuke shi, kada gobe ya jawo masa magana. Dokar da aka yi don tsare itace ita ta sa talaka ya ɗauke shi abokin gaba. Ni dai har yau ina ganin wannan ɓarnar ba ta gaza ta fari ba.

Bazarar da ta biyo bayan yunwar, Kawu, ƙanen Inna, ya zo mana daga yamma, wajen Maraɗi. Shi ya kawo labarin wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki da 'yan mishan na SIM. Mutumin ya sha wahalar dashen itatuwa, yawancinsu suna mutuwa, har a 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da ake gani a bakin hanya ana ɗauka ciyawa ce, ashe toho ne daga kututturan manyan itatuwan da aka sare. Lokacin yunwa suka riƙa raba hatsi da sharaɗin manomi ya bar wannan toho a gonarsa. Da rabon ya tsaya, mafi yawan mutane suka sare abinsu. Amma kaɗan sun bari, Kawu yana cikinsu.

"Yaya, ba dashe ba ne," in ji Kawu. "Ba ruwanka da sayen iri, ba ruwanka da ban ruwa. Kututturen da kuke sarewa kowace shekara, saiwarsa tana nan da rai, ta riga ta kai ga laima. Ka zaɓi rassa uku ko huɗu masu ƙarfi ka bar su, ka sare sauran, ka datse na gefe har rabin tsayi. Shi ke nan."

Baba ya ce, "Tsuntsaye fa? Inuwa fa? Ka san hatsi ba ya son inuwa."

"Ka gwada a gefe guda, Yaya. In bai yi ba, ai gatarinka yana hannunka."

Baba ya gwada a ɓangaren gabas, inda iska ta fi cin mu. Ni ke bin sa ina jan rassan da ya sare. Magana kuwa mun sha ta. Wasu suka ce yunwa ta taɓa masa kai, wasu suka ce ragwanci ne ya saka masa rigar dabara. A bakin rijiya mata suka riƙa tambayar Inna ko Malam ba shi da lafiya ne, ya bar gona da ƙazanta haka. Inna ba ta tanka musu, amma in ta dawo gida nakan ga ranta a ɓace.

Kafin 'yan shekaru abin ya fara magana da kansa. Sabara da kalgon suka wuce tsayin mutum. Iska in ta zo sai ta karye, rairayin da take ɗauke da shi ya zube a gindinsu. Ganyen da ya kaɗe gara ta ja shi cikin ƙasa, wurin ya yi duhu, ya riƙe laima. Shukar farko ta fara tsayawa. Amma wanda ya fi shiga ran Baba shi ne gawo. Allah ya yi wa itacen nan wata halitta ta daban: da damina, lokacin da kowane itace ke yin ganye, shi zubar da nasa yake yi, ya tsaya tsirara, rana ta sauka kan hatsin da ke gindinsa. Da rani kuma, sa'ad da ko'ina ya bushe, sai ya yi kore shar, ya zubo 'ya'yan da awaki da shanu ke rububi. Dabbobi su kwanta a inuwarsa, su bar taki. Hatsin gindin gawo ko daga nesa ka hango shi ka san ya fi na kusa da shi. Tsofaffi suna ba mu labarin cewa sarakunan Damagaram na da can sun sa hukunci mai tsanani a kan mai sare gawo. Ashe sun san abin da suke karewa.

Bayan rasuwar shugaban ƙasa Janar Seyni Kunce a 1987 ƙasa ta shiga shekarun rashin kuɗi da rigingimun siyasa, masu zagayen daji suka rage zuwa ƙauye. A hankali mutane suka fara cewa "itacena". A takarda kuwa abin ya daɗe: dokar filayen karkara ta zo a 1993, sabuwar dokar daji a 2004, sai a 2020 aka fitar da dokar da ta yi magana kai tsaye kan itacen da manomi ya rena a gonarsa. Manoma sun riga takarda da shekaru masu yawa.

Sai dai duk abin da ya yi daraja, rigima tana biye da shi. Aka fara yi mana sara da dare. Wata asuba Baba ya yi kwanto, ya kama mai yi. Ba kowa ba ce sai wata dattijuwa maƙwabciyarmu da muke kira Gwaggo, wadda mijinta ya rasu a yunwar, danginsa suka karɓe gonar. Baba ya dawo gida yana huci, ya ce wurin mai gari zai kai ta.

Inna ta ajiye muciya ta ce, "Malam, ka yi haƙuri in faɗi ɗaya. Da can daji na kowa ne, lokacin da babu komai a cikinsa. Yanzu da ya fara zama wani abu, sai ya zama na masu gona kaɗai? Ita ina za ta je? Ni da ita muke tafiya neman itace tun asuba. Ni na huta, ita kuma a kai ta gaban mai gari?"

Baba bai ce komai ba. Ya ɗauki buta ya fita. Da yamma ya je har ƙofar Gwaggo ya yi sallama. Abin da suka shirya shi ne, duk ranar da ya yi datsa zai tara rassan a bakin gona, ita da ire-irenta su kwasa, su kuma ba za su taɓa sandar da aka bari ta girma ba. Gwaggo ta zama mai gadin gonar nan fiye da mu. Daga baya muka ji cewa a Ɗan Saga, yamma da mu, gari guda ne ya zauna ya kafa kwamitin tsaron itatuwa, da maza da mata da makiyaya a ciki, suka sa dokokinsu da tararsu.

Sai da na girma na fara koyarwa na san girman abin da iyayenmu suka yi. Masu bincike, cikinsu har da ɗan ƙasarmu Mahamane Larwanou, sun gwada tsofaffin hotunan sama da sababbi, suka ƙiyasta cewa manoman Nijar sun rayar da itatuwa wajen miliyan 200 a kan fili mai faɗin hekta miliyan 5, yawanci a Maraɗi da Damagaram. An yi wannan tun kafin Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, na dasa itatuwa don tare hamada, a 2007. Kuma a yunwar 2005, bayan fara da ƙarancin ruwa, gidajen da ke da itace sun sami abin sayarwa su sayi tiyar hatsi, dabbobinsu sun sami ganye.

Kishiyata, 'yar ɗiyata da nake riƙo, takan tambaye ni yadda garinmu zai zama in ta kai shekaruna. Ina da amsa, don na daɗe ina ganin garin a raina. Ina ganin gonaki da gawo jere, hatsi da wake a ƙarƙashi, kuka da magarya da aduwa a bakin iyaka, yara suna cin 'ya'yan itace ba sai an saya ba. Fako an yi masa tassa da rabin wata, wato ƙananan ramuka da kunyoyi masu tare ruwa, ruwan sama yana tsayawa inda ya faɗi. Rijiya tana da famfo mai aiki da hasken rana, ranar nan da ke ƙona mu ita ke jawo mana ruwa. Babu yarinyar da za ta rasa makaranta saboda itace ko guga. Amma duk wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne maganar Inna. A garin da nake gani, mace tana da gonar da ba mai karɓe mata ranar da mijinta ya rasu, gadonta da addini ya ba ta yana isa hannunta a ƙasa, ba a baki ba. Wanda ba shi da gona yana da rabonsa sananne a rassa da ganye da 'ya'yan itace, ba sai ya fita da dare ba. Burtali yana nan a buɗe da faɗinsa, ba wanda ya ci shi da garma, makiyayi ya sauko bayan girbi, shanunsa su ci kara su bar taki, a yi musayar nono da hatsi yadda kakanninmu suka yi. Kuma in za a yanke magana kan daji, ana yanke ta ne a gindin itacen garin, da bakin waɗanda za su rayu da ita. Na san mutane suna ƙaruwa, gonaki suna tsukewa, gonar da Baba ya noma shi kaɗai yau gida biyar ke cinta. Shi ya sa nake ganin rabon ya fi dashen gaggawa.

Maganar burtali kuwa ba haka kawai na kawo ta ba. Akwai wani Bafulatani da ke sauka a gonarmu kowace kaka, shi da Baba aminai ne, har 'ya'yan gawonmu Baba yake bar wa shanunsa. A kakar 1991 ya iso da wuri, hatsi bai gama shiga rumbu ba. A kwanakin ne labari ya iso garinmu cewa a Toda, can yamma da Maraɗi, rigimar manoma da makiyaya ta ci rayukan mutum fiye da ɗari, yawancinsu mata da yaran Fulani. A daren samarin garinmu suka taru a ƙofar mai gari da sanduna, Baba kuma ya ɗauki fitila ya nufi gona, ya ce in biyo shi da ƙwaryar fura.

Abin da ya faru a daren, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.