Kwalbar da zafin Sakkwato ya kashe mini

Ina da shekara 48 lokacin da na fara lura da ƙananan layuka a gefen idanuna da goshina. Ban yi mamaki ba, shekara 20 ke nan ina fita daga unguwar Mabera a Sakkwato zuwa makarantar da nake koyarwa, rana na dukan fuskata. Man bilicin kam ban taɓa yarda da shi ba, na ga yadda ya ƙone kumatun mata da yawa. 'Yata mai karatun harhaɗa magunguna ce ta kawo mini zancen ruwan bitamin C na shafawa. Ta ce jiki ba ya iya ƙera kolajin, wato abin da ke riƙe fata ta tsaya daram, sai da wannan bitamin, ga shi kuma rana da shekaru suna cinye kolajin ɗin.

A watan Afrilu na sayi ƙaramar kwalba mai ƙarfin kashi 20 cikin 100, na ajiye ta a bakin taga kusa da madubi. Kowa ya san Afrilun Sakkwato, zafi kan haura digiri 40. Kafin mako 3 ruwan da ya zo garai-garai ya koma ruwan ɗorawa, daga nan ya yi kalar shayi. Ni kuwa na ci gaba da shafawa, fuska na mini raɗaɗi ina cijewa. Da yarinyar ta zo hutu ta ɗaga kwalbar ta duba, sai ta ce, "Inna, wanga ai ya mutu. Iska da haske da zafi ke lalata shi, kuma kashi 20 ya yi miki yawa." Na ji zafin kuɗina ƙwarai.

Karo na biyu na ɗauki mai kashi 10 a cikin kwalba mai duhu. Firji ne wurin zamanta, in an ɗauke wuta na mayar da ita gindin randa, murfi a ɗaure tam. Sai da na gwada a bayan kunne kwana 2 kafin na kai fuska. Da safe in na wanke fuska ta bushe, ɗigo 3 ko 4 sun isa, sannan in bi da man kariyar rana mai lamba 30. Wannan man ba na tsallake shi, domin hijabi ba ya kare goshi da kumatu. Da hunturu ya shigo fata ta fara bushewa, na ƙara da man kaɗe da dare.

Wata 3 aka yi kafin na ga canji. Layukan gefen ido sun yi laushi, tabon tsofaffin ƙuraje ya dusashe. Zurfafan layukan nan biyu da suka sauko daga hanci zuwa baki suna nan yadda suke, kuma launin fatata bai sauya ba, abin da nake so ke nan.

Wata maƙwabciyata da ta ji labari ta ce ita lemun tsami za ta riƙa gogawa, tunda shi ma bitamin C ne. Na roƙe ta kada ta soma, ruwansa in ya haɗu da rana yakan ƙona fata ya bar baƙin tabo. Na shiga ɗaki na ɗauko mata kwalbata ta ga irin wadda za ta nema.