Kasuwar kirifto marar kamfani da batun amana

Tun lokacin da Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da masu hada-hadar kuɗin kirifto, wato kuɗin intanet irin su Bitcoin, a watan Fabrairun 2021, matasa da yawa a nan Legas suka koma ciniki kai tsaye tsakanin mutum da mutum. An janye haramcin a Disambar 2023, amma bayan wata uku kacal Binance, babbar kasuwar cinikin kirifto ta intanet, ta daina hulɗa da naira, mutane suka sake ganin cewa kasuwar da ke hannun kamfani ɗaya ana iya rufe ta dare ɗaya. Wannan ne ya sa ake yawan maganar kasuwannin intanet waɗanda babu wani kamfani da ya mallake su.

A Jumia ko Konga, kamfani ne ke riƙe da shagon, shi ke karɓar kuɗin mai saye, ya cire la'adarsa, sannan ya miƙa wa mai kaya saura. A kasuwa irin OpenBazaar, wadda ta fara aiki a 2016, kowa yana ɗora manhajar a kan kwamfutarsa, ya baje hajarsa, a biya shi da Bitcoin ba tare da an cire masa la'ada ba. Kuɗin cinikin kan shiga wata ajiya mai makulli uku: ɗaya na mai saye, ɗaya na mai sayarwa, ɗaya kuma na mai sasanci da suka amince da shi. Sai biyu daga cikin ukun sun haɗu sannan kuɗin ya fita.

Amfanin wannan tsari a fili yake. Dukiyar mutum tana hannunsa, ba ta jibge a asusun kamfani balle a wayi gari ta salwanta, kamar yadda ya faru da masu ajiya a kamfanonin cinikin kirifto na Mt. Gox a 2014 da kuma FTX a Nuwambar 2022. Ɗan kasuwar Alaba ko Computer Village da ke odar kaya daga Guangzhou yana iya biya da USDT, kuɗin kirifton da darajarsa ke bin dalar Amurka, ba sai ya jira banki ba. Duk wanda ya ga yadda dala ta tashi daga kusan naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024 ya san wannan ba ƙaramin al'amari ba ne.

Sai dai rauninsa ya fi damuna. Wanda ya ɓatar da kalmomin sirrin da ke buɗe lalitarsa ta kirifto ya yi asarar kuɗinsa har abada, wanda kuma ya tura kuɗi zuwa adireshin da ba daidai ba, ba shi da ofishin da zai kai kuka. Masu saye ma ba su taru ba, har kamfanin da ke kula da manhajar OpenBazaar ya janye hannunsa a 2021 saboda rashin kuɗi. Ga kuma baƙin jinin da 'yan damfara suka jawo wa harkar baki ɗaya, daga MMM a 2016 zuwa CBEX a 2025, waɗanda suka yi wa masu zuba kuɗi alƙawarin riba mai tsoka, ko da yake tsarinsu daban ne. Malamanmu kuma sun saɓa kan hukuncin kirifto, abin da bai kamata mai neman halali ya yi wasa da shi ba.

Babban giɓin, a ganina, shi ne manhaja tana ganin kuɗi amma ba ta ganin kaya. A kasuwar Mile 12, idan mota ta iso daga Kano bayan doguwar tafiya, mai sayen tumatir ba ya tsayawa ga jajayen da aka jera a saman kwando. Yakan duba gindin kwandon ya ga ko ruwa na ɗiga, ya sunsuna, ya sa a ɗaga masa na tsakiya. Idan aka samu saɓani, dillalin da ya san ɓangarorin biyu ne ke raba gardama, domin sunansa ne jarinsa. Makullin nan na uku, na mai sasanci, yana buƙatar irin wannan mutum, kuma baƙon da ke wata ƙasa, wanda hoto kawai zai gani, ba zai iya wannan aiki ba.

A nan nake ganin damar Hausawan Legas. Dillanci da tsayawa wa baƙo sana'armu ce tun zamanin fataucin goro da shanu, kuma har yau ana yin ta a Agege. Matashin da ya iya manhaja, ya haɗa kai da dattijon da kasuwa ta yarda da shi, suna iya buɗe sana'ar duba kaya da sasanci a kan ƙayyadaddiyar la'ada. 'Yan canji ma suna da gurbi wajen mai da USDT naira, muddin sun bi ƙa'idar hukumar kula da hada-hadar hannun jari (SEC), wadda dokar 2025 ta ɗora wa alhakin sa ido kan kadarorin dijital. Ana kuma buƙatar manhaja cikin Hausa mai aiki da murya, tunda akasarin cinikinmu a WhatsApp da saƙon murya ake ƙulla shi. Mai son gwadawa gara ya fara da kayan da ba sa lalacewa a hanya kuma ake iya tantance su, kamar waya mai lambar shaida ta IMEI ko bandir ɗin shadda, da jarin da asararsa ba za ta durƙusar da shi ba.